Wace Taya Ce Za Ta Riƙe Tsohuwar Mota: Radiyal ta Tsere, Bayas, ko ta Titi?

A shekarar 1970 kamfanin Chevrolet ya fitar da Chevelle SS 454 mai injin LS6. A takarda an rubuta mata ƙarfin doki 450 da ƙarfin murɗa fam-ƙafa 500. Duk wannan ƙarfi kuwa an ɗora shi ne a kan tayoyi F70-14, waɗanda faɗin abin da ke taɓa kwalta a jikinsu bai kai taƙi ɗaya ba. Direba ya taka totur, inji ya yi ruri, hayaƙi ya turnuƙe, mota tana nan tana murza ƙafa wuri ɗaya. Haka Dodge da Plymouth masu injin 426 Hemi suka yi fama, haka GTO ta Pontiac, haka Mustang masu manyan injuna. Injin zamanin ya yi wa tayar zamanin nisa.

Yau masu irin waɗannan motoci a Amurka sun ƙara wa matsalar gishiri. Kusan duk wanda ya sake ɗaura injinsa sai ya ƙara masa ƙarfi fiye da yadda ya fito daga masana'anta, sannan ya sa mata BFGoodrich Radial T/A ko Cooper Cobra masu farin rubutu a gefe, don su ne suka dace da surar motar. Tayoyi ne masu kyau, suna daɗewa, suna tafiya cikin ruwan sama lafiya. Amma ranar da mutum ya kai motar filin tseren miƙe ya karɓi 'yar takardar sakamakonsa, nan zai gane cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Tseren miƙe, wanda Amurkawa ke ce wa dirag, gudu ne a layi ɗaya daga tsaye, tsawon rubu'in mil, wato ƙafa 1,320 ko mita 402. Filaye da dama, musamman a kudancin ƙasar, rabin haka suke yi. A takardar sakamakon akwai lambobi da yawa, amma wadda ta shafi taya ita ce wannan: lokacin da motar ta ɗauka kafin ta ci ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18. Tsohuwar mota mai ƙarfi a kan tayar titi takan ci sakan 2.0 zuwa 2.2 a wannan ɗan taƙin. Idan aka sa mata tayar tsere, kuma ƙafafunta na baya suna da gyara, takan sauko zuwa 1.6 ko 1.8. 'Yan tsere suna da lissafin da suka gada: duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a ƙafa 60, za ka same shi ya ƙaru da rabi ko ya ninka a ƙarshen layi. Ke nan tayoyi biyu kawai na iya ba ka rabin sakan ko fiye, abin da in ta hanyar inji za ka neme shi sai aljihu ya girgiza.

Zaɓin da ke gaban mai motar uku ne. Ko ya zauna a kan tayar titi, ko ya koma radiyal ta tsere, ko ya ɗauki bayas, wadda ita ma iri biyu ce: silik marar zane ko kaɗan, da kuma mai ɗan zane wadda ke ɗauke da hatimin DOT, wato shaidar cika ƙa'idojin ma'aikatar sufuri ta Amurka. Kafin a ce wacce ta fi, sai an leƙa cikin tayar an ga yadda aka saƙa ta, domin daga nan duk bambancin ya taso.

Yadda aka saƙa su

A tayar bayas, zaren jikinta a karkace ake shimfiɗa shi, wannan shimfiɗa ta gitta waccan, kamar saƙar zana. Saboda haka gefen tayar da fuskarta jiki ɗaya ne: in gefe ya lanƙwashe, fuska ma ta motsa. A radiyal kuwa zaren miƙe yake daga wannan baki zuwa wancan kamar haƙarƙari, sannan a yi masa ɗamara, yawanci ta waya, a ƙarƙashin fuskar. Gefe na aikinsa daban, fuska na nata daban. Michelin ta Faransa ce ta yi rajistar wannan fasaha a 1946, amma sai cikin shekarun 1970 motocin Amurka suka fara komawa kanta sosai. Don haka motocin da muke magana a kansu da bayas aka haife su, irin su Firestone Wide Oval da Goodyear Polyglas.

Silik ta tsere ta girmi radiyal ta tsere nesa ba kusa ba. Kamfanin M&H na iyalan Rifchin a jihar Masacuset ne ya fara ƙera silik musamman don wannan wasa tun cikin shekarun 1950. Radiyal ta tsere kuwa sai tsakiyar shekarun 1990 ta bayyana, lokacin da BFGoodrich ta fitar da Comp T/A Drag Radial, taya mai roba mai taushi ƙwarai da gefe mai ɗan laushi, wadda duk da haka doka ta yarda a hau titi da ita. Nitto ta biyo baya da NT555R, sai Mickey Thompson, Hoosier, Toyo da M&H ita kanta.

Ga abin da ke faruwa a lokacin tashi. Duk wanda ya taɓa ganin hoton silik a daidai sanda fitila ta yi kore ya ga gefenta ya yamutse kamar fatar tsoho. Rim ya riga ya fara juyawa, fuskar tayar tana maƙale da ƙasa, gefen ya murɗe kamar igiya ya shanye bugun farko, sannan ya sake shi a hankali. A wannan murɗewar kuma sawun tayar a ƙasa yana ƙara tsawo. Ko ta ɗan zame, ba ta fushi. Takan ci gaba da tura motar tana zamewa kaɗan-kaɗan har ta kama sosai. Hasali ma ɗan wannan zamewar tana cikin yadda take aiki.

Radiyal ba ta da wannan haƙurin. Ɗamararta tana riƙe fuskar a shimfiɗe, gefenta bai iya shanye bugu kamar na bayas, don haka abin da take so shi ne a danna ta ƙasa ta kama tun daga juyin farko, kuma a ci gaba da danna ta. In ta kama, ta kama ke nan, motar ta fita kamar an harba kibiya. In kuwa ta kuɓuce ta fara juyawa a banza, ba ta dawowa sai ka ɗaga ƙafa daga totur, kafin nan abokin karawarka ya yi nisa. Amma da zarar an wuce ƙafa 60, ranarta ce. Ba ta jan mota baya kamar bayas, don haka sau da yawa gudun ƙarshen layi yakan ɗan fi. Ba ta kumbura ta ƙara tsawo in gudu ya yi gudu. Kuma ba ta yin layi: mota a kan bayas mai ƙarancin iska takan riƙa rangaji da gindi a ƙarshen fili, abin da kan tsinka zuciyar wanda bai saba ba, alhali a kan radiyal ji za ka yi kamar kana babbar hanya.

Kada wani ya ɗauka radiyal ƙaramar taya ce ta masu wasa. A gasar Lights Out da ake yi a South Georgia Motorsports Park, motoci masu ƙarfin doki dubbai suna cin rabin rubu'in mil cikin ƙasa da sakan 4 a kan radiyal. Akwai rukuni sukutum mai suna X275 da aka gina a kan girman taya ɗaya, 275/60R15. Dodge ta sayar da Challenger SRT Demon ta 2018 da Nitto NT05R tun daga masana'anta, ta yi sakan 9.65 a rubu'in mil, sannan Demon 170 ta 2023 ta zo da Mickey Thompson ET Street R a baya ta yi 8.91. Sai dai waɗancan motoci kwamfuta ce ke auna musu ƙarfin da za a saki a kowane ɗan lokaci, kuma a fili mai gyara aka yi gudun. Tsohuwar mota mai kafireto ba ta da wannan gata; ƙafar direba ce kwamfutarta.

Tambayar farko: wace giya ce a motarka?

A ganina wannan tambayar ta fi kowace nauyi, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Idan motar otomatik ce, ko Turbo-Hydramatic 350 ko 400, ko Powerglide, ko TorqueFlite 727, ko C4 da C6 na Ford, to tsakanin inji da giyabos akwai kwanbata mai aiki da mai. Man nan yana sassauta bugun farko, ƙarfi ya iso taya kamar turi, ba kamar naushi ba. Abin da radiyal ke so ke nan. Direba ya taka birki da ƙafar hagu, ya ɗan ɗaga inji, ya saki birki ya bi da totur, taya ta kama.

Mota mai giyar hannu labarinta daban. Muncie ce, ko Toploader ta Ford, ko A833 ta Chrysler, duk ɗaya: ka ɗaga inji sama ka saki kuloci, ƙarfin gaba ɗaya ya sauka kan taya a lokaci guda. Radiyal a nan ɗayan biyu take yi. Ko ta kuɓuce ta yi ta juyawa, ko ta kama tamau injin ya shaƙe ya durƙusa, ko kuma mafi muni, ta kama ta saki, ta kama ta saki, gindin mota ya riƙa tsalle. Ana iya koyon sakin kuloci sannu-sannu, akwai ma na'urorin da ke jinkirta kamun kulocin, kuma akwai gwanayen da ke yin abin mamaki da radiyal a giyar hannu. Amma kulocin ne ke biyan kuɗin wannan koyo, kuma sakamakon yau ba lallai ya zama na gobe ba. Bayas tana yafe wa ƙafa kuskurenta, tana kuma tausaya wa aksul. Mai giyar hannu da ke son zuwa fili a kai a kai, ni dai bayas zan nuna masa, irin su Hoosier Quick Time Pro ko ET Street R ta bayas, ko silik ɗin kanta in a tirela zai kai motar.

Amma bayas tana zuwa da nata sharuɗɗan. Ba a haɗa ta a baya da radiyal a gaba a yi babban gudu, domin gaba na amsa sitiyari nan take, baya na amsawa a makare, motar ta shiga lilo. Ke nan sayen biyu ya zama sayen huɗu, har da siraran tayoyin gaba na bayas. Da yawansu iska na tsiyaya ta gefensu, sai an sa tiyub. Da yake da ƙarancin iska ake gudu da su, rim na iya juyawa a cikin tayar ya tsinke bakin tiyub, shi ya sa ake ɗaure bakin taya da rim da sukurori, ko a sayi rim mai matse baki. Sannan dole a auna kewayen tayoyin biyu da tef bayan an hura su. In bambancin ya wuce rabin inci, motar za ta riƙa ja gefe guda. Radiyal ba ta buƙatar ko ɗaya cikin waɗannan ga mota mai matsakaicin ƙarfi. Ka ɗaura biyu a baya, tayoyin gabanka na kullum su zauna inda suke.

Fili ma yana da ta cewa. Masu filaye suna fesa wani danƙo, wanda aka fi sani da VHT ko PJ1 TrackBite, su kuma goga roba a wurin tashi. Ranar babbar gasa takalmi ma maƙalewa yake yi. Daren Juma'a na gwaji kuwa, bayan motoci masu tayar titi sun yi ta jawo ruwa da tsakuwa kan layi, wurin yakan yi sulɓi. Radiyal ta fi jin jiki a irin wannan dare. Shi ya sa masu tseren da ake yi a fili marar danƙo yawancinsu silik ta bayas suke sawa.

A kan titi fa?

Nan ne nake so a saurare ni da kyau, domin nan ake rasa motoci, wani lokaci har da rai. Hatimin DOT shaida ce da kamfanin taya ke bugawa cewa tayar ta cika ƙa'idojin ma'aikatar sufuri ta Amurka. Bai ce tayar za ta riƙe ka cikin ruwan sama ba. Radiyal ta tsere tana fitowa da zane marar zurfi, kusan rabin na tayar titi, kuma layukan da za su kori ruwa kaɗan ne. Tana sabuwa ana iya lallaɓawa da ita a yayyafi. Bayan 'yan ƙone-ƙone a fili, wato murza ta wuri ɗaya har ta yi hayaƙi don ta dumama, ta fara suɗewa, sai ruwan da ya kwanta a hanya ya ɗaga gindin motar ɗungurungum. Tsohuwar mota ba ta da birkin ABS, ba ta da na'urar hana zamewa, nauyinta na gaba, bayanta sakayau. Wanda hadari ya tarar a hanya da irin wannan taya, ya nemi gidan mai ya fake har a ɗauke. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sanyi ma abokin gabarta ne. Robar tana ƙanƙarewa in gari ya yi sanyi, riƙonta ya koma ƙasa da na tayar titi, kuma in aka bar ta a gareji cikin sanyin ƙanƙara irin na Mishigan ko Ohayo tana iya tsattsagewa. Batun daɗewa kuwa, lambar da ke gefen taya ta isa shaida. Radial T/A tana ɗauke da lambar juriya 400. Nitto NT555R da ƙanwarta NT555RII suna da 100. Da dama daga cikin masu taushin sifili aka rubuta musu.

Daga nan za a ga cewa su kansu radiyal na tsere ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne. Akwai gidan masu jin titi, inda Nitto NT555RII ta fi fice: ta fi daɗewa, ta fi haƙuri da ɗan jiƙon hanya, gefenta ya fi tsayawa a kwana, amma tana son a ɗan ƙara dumama ta kafin ta kama, kuma a fili 'yan'uwanta masu taushi sukan sha gabanta. Mickey Thompson ET Street S/S tana tsakiya, ta fi kamu, tana da layukan ruwa daidai gwargwado, ba ta kai waccan tsawon rai ba. Sai gidan 'yan fili, irin ET Street R da Hoosier DOT Drag Radial, waɗanda zanensu na cika sharaɗi ne kawai. A busasshiyar hanya za su kai ka fili su dawo da kai, iyakarsu ke nan. A can ƙarshe akwai ET Street Radial Pro, wadda don fili kaɗai aka yi ta. Wani abin lura: sunan ET Street R yana kan radiyal, yana kuma kan bayas. Lambar girman ce za ta raba maka gardama. In ka ga harafin R a ciki, kamar 275/60R15, radiyal ce. In ka ga irin 28x11.50-15, bayas ce.

Girman da zai shiga

Lambar 275/60R15 tana nufin faɗin milimita 275, tsayin gefe kashi 60 cikin ɗari na faɗin, a kan rim inci 15. In ka lissafa, tsayin tayar gaba ɗaya inci 28 ne. Ita 255/60R15 inci 27 ce, 235/60R15 da 275/50R15 kuwa wajen inci 26. Mutane sun fi zuba ido kan faɗi, amma tsayi ma yana ba da riƙo, domin doguwar taya sawunta ya fi tsawo, gefenta kuma ya fi samun wurin lanƙwasa. Wannan ne dalilin da ya sa rim inci 15 ya fi 17 ko 18 a wannan aiki, kuma sa'ar mai tsohuwar mota ce birkinsa ƙarami ne, inci 15 na shiga ba gardama.

Sai dai tsayi yana taɓa lissafin giya. Wanda ke da aksul mai 3.73, wato farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya, ya tashi daga taya inci 26 zuwa 28, tamkar ya koma 3.46 ne. Ga babban inji mai yawan murɗa wannan alheri ne, ya rage masa zafin tashi. Ga ƙaramin inji mai 3.08 a baya kuwa, motar za ta yi nauyin ƙafa, abin da aka samu a riƙo a mayar da shi a tashi. Allurar gudu ma za ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya.

Chevelle, GTO, 442 ta Oldsmobile da manyan Dodge da Plymouth irin Charger da Road Runner yawanci suna karɓar 275/60R15 a kan rim mai faɗin inci 8, muddin zurfin bayan rim ɗin ya dace. Camaro ta 1967 zuwa 1969 ta fi matsi. Mustang ta 1965 da 1966 da Nova ta farko kuwa ramin tayarsu ƙunci gare shi, 235 ma sai an auna. Kada ka dogara da abin da ya shiga motar wani. Motar da ta shekara hamsin da ɗoriya ta sha faɗuwa a rami, wataƙila ta sha karo da gyaran bodi, aksul ɗinta ba lallai yana tsakiya daidai ba. Ka auna hagu, ka auna dama, daga sifirin zuwa leɓen madigadi, ka bar sarari ta kowane gefe. Ni ba na goyon bayan a yanka bodin motar da ta tsira da asalinta don a cusa taya mai faɗi. Ƙaramar radiyal ta tsere 235 ta fi babbar tayar titi 295 kamu, ba tare da an taɓa ƙarfe ba.

Abin da zai karye

Tsohuwar tayar da ke zamewa tana yi wa motar wani aiki da ba a gode mata: duk ƙarfin da ya wuce kima tana mayar da shi hayaƙi. Ranar da ka sa wadda ba ta zamewa, ƙarfin nan zai nemi wata ƙofar fita, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zai bi layi daga kujerun inji, zuwa giyabos, zuwa kuros ɗin farfela, zuwa haƙoran aksul da shaf, har notocin taya, ya tsaya a kan mafi rauni.

Fara da tukunyar aksul. Idan irin ta gama-gari ce mai barin ƙafa ɗaya ta juya ita kaɗai, kuɗin taya asara ne. Ƙafar dama za ta yi ta hayaƙi ta hagu tana hutawa. Sai an sami mai kulle ƙafafun biyu, wadda Chevrolet ke kira Positraction, Chrysler ke kira Sure-Grip, Ford ke kira Traction-Lok. Sannan a duba ko wace aksul ce. Ta GM (General Motors, uwar Chevrolet da Pontiac) mai noti 10 da kambun inci 8.2 da ta Ford mai inci 8 an yi su ne don ƙananan injuna. Ta GM mai noti 12, ta Ford mai inci 9, ta Chrysler mai 8¾ da Dana 60 su ne masu ƙashi. Aksul ɗin Chevrolet suna da wani hali da ya kamata a sani: wani ɗan ƙarfe mai siffar harafin C ne ke riƙe shaf daga can ciki, don haka in shaf ya karye, taya da gangar birki suna iya zarewa su fita daga motar tana cikin gudu. Shaf na zamani masu ƙarfi ba su kai kuɗin fenti ba, balle kuɗin asibiti. Ƙusoshin taya na tsofaffin GM ma sirara ne, inci 7/16, mutane da yawa na mayar da su rabin inci.

Sai tsallen gindi. Camaro, Nova, Mustang da motocin Chrysler a kan sifirin mai ganye suke. In taya ta kama, aksul na ƙoƙarin juyawa baya, ya lanƙwasa gaban sifirin, sifirin ya fizge ya dawo, taya ta daka tsalle ta sake dira. Kowace dira guduma ce a kan shaf da kuros. Maganinsa sandunan riƙo irin CalTracs na Calvert Racing, ko sifirin Super Stock da robar tokare hancin aksul a motocin Chrysler, tare da shokozoba mai kyau. Chevelle da danginta kuwa sifirin naɗi gare su da hannuwa huɗu. Su abin da suke so shi ne sababbin bushin, hannuwa masu ƙarfi, da 'yar jakar iska a cikin sifirin dama don motar ta daina karkata. Radiyal ta fi bayas dogaro da shokozoba, domin aikin da gefen bayas ke yi da kansa, a radiyal shokozoba ce za ta yi shi. Duk sanda ka ji tsallen ya fara, ɗaga ƙafa nan take.

Hukumar NHRA mai shirya tseren miƙe a Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ita ma tana da dokokin da sabuwar taya za ta iya jefa ka cikinsu ba shiri. Motar da ke cin rubu'in mil daga sakan 13.99 zuwa ƙasa, direbanta sai da hular kwano. Daga 11.49 tsohuwar mota sai an ɗaura mata ƙarfen kariya a ciki. Zoben da ke tare farfela in ta tsinke kuwa, mai silik tun daga 13.99 ake neman sa da shi, mai tayar titi sai ya kai 11.49. Ni ina ganin kowa ya sa shi tun ranar farko.

To wa zai ɗauki wacce?

Mai motar da yawon yamma da taron nunin motoci ne aikinta, ba ya zuwa fili sai sau ɗaya a shekara, ya bar Radial T/A ɗinsa, ya koyi tashi a hankali. Mai otomatik da ƙarfin doki 350 zuwa 500, wanda ke tuƙa motar zuwa fili ya dawo da ita gida, shi ne ainihin mutumin da aka ƙirƙiri radiyal ta tsere dominsa. In rim ɗaya gare shi kuma yana yawan hawa titi, NT555RII ce ta fi masa. In lambar takarda ce ta fi damunsa, ET Street S/S ko ET Street R. Mai giyar hannu da gaske yake, bayas gaba da baya. Wanda ke mafarkin Drag Week ta mujallar Hot Rod, inda tun 2005 ake tsere kwana biyar a jere ana kuma tuƙa motar mil dubu ko kusa da haka tsakanin filaye, zai ga da yawan mahalarta suna jan 'yar tirela ɗauke da tayoyin canji, kuma dabararsu ita ce nake ba kowa shawara a kai: rim biyu na daban. Tayar titi ta kai ka, ka ɗaga jak ka canza cikin minti ashirin, ka yi gudunka, ka mayar. Ta haka za ka iya sayen mai taushin ba tare da fargabar hadari ba, kuma za ta yi maka shekaru maimakon damina ɗaya. (Mai Dodge ko Plymouth ta 1970 zuwa baya ya tuna cewa notocin ɓangaren direba a juye suke kwancewa, in ba a riga an canza su ba.)

Wajen saye, a duba lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2319 an yi ta a mako na 23 na 2019. Robar tsere tana bushewa ko ba a hau ta ba, don haka ta hannu mai cikakken zane amma mai shekaru biyar ba araha ba ce.

Daren farko a fili, fara da iska fam 20 a radiyal. Bi ta cikin ruwan da ake zubawa kafin layi, ka ɗan gusa gaba ka fita daga cikinsa, ka juya tayoyin har hayaƙi ya fara tashi, ka saki. Sakan kaɗan sun isa. Dogon ƙonawa maiƙo yake fito da shi, ya ci roba a banza. Yi gudu, karɓi takarda, rubuta iskar da lokacin ƙafa 60 a bayanta. Rage fam ɗaya, sake gwadawa, kada ka taɓa wani abu daban a tsakani. Yawancin motoci masu nauyin waɗannan sukan sami daidaitonsu tsakanin fam 16 da 20. In ka bi ta da ƙarancin iska irin na silik, tsakiyar fuskarta zai lotsa ciki, gefuna kaɗai su taɓa ƙasa, riƙo ya ragu, motar ta fara yawo a ƙarshen layi. Sawun da ta bari a kwalta zai gaya maka: in ya yi baƙi bai ɗaya daga gefe zuwa gefe, iskar ta yi, in tsakiya ya yi fari-fari, ƙara mata. Ka riƙa auna ta da geji ɗaya kafin kowane gudu, domin rana da zafin ƙonawa suna ɗaga ta. In kuma da ita za ka koma gida, ka tsaya wurin famfo ka mayar da ita wajen fam 30 kafin ka fita ƙofar fili.